Wace kalma za mu ba "entelechy" ta Hans Driesch?

Mai fassara: Assalamu alaikum malamai. Ana shirya darasin tarihin ilimin tayi da Hausa, an zo kan Hans Driesch, Bajamushen da aka haifa a 1867 ya rasu a Leipzig a 1941. Kalmomi 2 sun tsaya mana: "entelechy" da "vitalism", wato ra'ayin cewa akwai wani abu na musamman a mai rai wanda babu shi a marar rai. Ga "entelechy" an kawo kurwa, ruhi da ƙarfin rai. Wanne ya fi?

Malamin bayoloji: Wa alaikumussalam. Malam, kafin a zaɓi kalma a fara ganin abin da ya sa mutumin ya nemo ta. A 1888 wani masani Bajamushe, Wilhelm Roux, ya ɗauki ƙwan kwaɗo da ya rabu gida 2, ya soke sel (ƙwayar halitta) ɗaya da allura mai zafi, wanda ya rage ya fitar da rabin tayi. Sai ya ce tayi kamar inji yake, kowane sel da nasa kason tun farko. A 1891 Driesch ya gwada da ƙwan bushiyar teku, wata dabbar teku mai ƙayoyi a jiki. Ya zuba ƙwan a 'yar kwalba da ruwan teku, ya yi ta girgizawa da ƙarfi har sel biyun suka rabu. Girgizar tana lalata ƙwai da yawa, amma waɗanda suka tsira suka ba shi mamaki: kowane sel ya zama tsutsa (jaririyar bushiyar teku) cikakkiya, da hanji da 'yan sandunan ƙashinta, sai dai ƙarama. Daga baya abokinsa Curt Herbst ya gano cewa ruwan tekun da babu sinadarin kalsiyam a ciki yana raba sel ɗin salin alin, domin kalsiyam ne ke taimaka musu mannewa. Da wannan aka raba sel 4, kowanne ya ba da tsutsa.

Tambayar Driesch ita ce: wane inji ne za ka raba shi huɗu, kowane yanki ya koma cikakken inji? Da ya ga babu, sai ya ce akwai wani abu da ke jan ginin zuwa cikar siffarsa. Wannan abin ne ya kira "entelechy", shi muke nema wa suna.

Malamar falsafa: To a cire kurwa tun yanzu. Bahaushe ya san kurwa da fita yawo lokacin barci, kuma maye na iya kama ta. Abin Driesch ba ya fita ko'ina, shi da kansa ya ce ba ya da gurbi a sarari. Ruhi kuma kalmar addini ce mai nauyinta, ɗalibi na jin ta zai tafi batun busa rai a cikin mahaifa, alhali ana maganar ƙwan dabbar teku ne mai sel 2.

Mai fassara: Saura ƙarfin rai ke nan, Malama.

Malamar falsafa: Shi ma da gyara. A jerin laccocin da ake kira laccocin Gifford, waɗanda Driesch ya gabatar a Aberdeen ta Scotland a 1907 da 1908 ya nanata cewa abin nan ba makamashi ba ne. Ba ya ƙara zafi, ba ya tura komai. A cewarsa dakatar da wasu sauye-sauyen sinadarai yake yi, ya saki wasu a lokacin da ya dace. Wanda ya karanta "ƙarfi" zai zaci wani abu ne da za a auna kamar lantarki.

Asalin kalmar "entelechy" ta Aristotal ce, daga Girkanci, ma'anarta abin da ke ɗauke da ƙarshen manufarsa a tare da shi. Masu falsafa na Larabci sun riga mu fuskantar ta, suka ce "kamal", har Ibn Sina ya bayyana nafsu da cewa ita ce kamala ta farko ga jiki. Kamala kuwa tamu ce, kowa ya san ta.

Malamin bayoloji: Kamala ta burge ni, amma ita matsayin da aka kai ne. Driesch mai kai wa can yake nufi. Me zai hana a ce jagoran ciki?

Mai fassara: A darasin tayi, Malam? Za a ɗauka juna biyu ake nufi.

Malamar falsafa: Gaskiya ne. Sai a haɗa: jagoran kamala. Jagora yana nuna hanya, ba ya ɗaukar wanda yake ja, kuma haka Driesch ya siffanta abin.

Malamin bayoloji: Na yarda, da sharaɗi. Duk inda aka rubuta ta a ce "abin da Driesch ya kira jagoran kamala", kada yaro ya haddace ta kamar sunan gaɓa. Gwajinsa gaskiya ne, fassarar da ya yi masa ce masana ilimin halitta suka ajiye. Rabin tayin Roux ya samu ne saboda mataccen sel ɗin yana manne da mai ran. Da aka cire shi gaba ɗaya, an samu cikakken tayi. Sven Hörstadius na Suwidin kuma ya nuna iyakar abin. A matakin sel 8, idan aka yanka ƙwan bushiyar daga sama zuwa ƙasa, kowane rabi yana iya cika. Idan aka yanka a kwance, rabin sama sai ya zama ƙwallo mai gashi marar hanji, saboda sinadaran da ke fara ginin hanji suna can ƙasan ƙwan. Yau bayanin shi ne kowane sel na farko yana da cikakken kundin gado (DNA), kuma saƙonnin sinadarai daga maƙwabtansa ne ke tsara abin da zai zama.

Mai fassara: Na rubuta jagoran kamala, da entelekiya a gefenta a ambaton farko. "Vitalism" fa?

Malamar falsafa: Ga tsofaffin masu ra'ayin, aƙidar ƙarfin rai ta wadatar, tunda da yawansu ƙarfi suke nufi. Ga Driesch a ce aƙidar cin gashin kan rai, domin iƙirarinsa shi ne rayuwa tana da dokokinta da fiziks da kemistiri ba za su gama bayyana su ba. A sa duka biyun a jerin kalmomin darasin, ta Driesch a ƙarƙashin ta farko.