Neman taimako kan ma'anar kalmar "notoriously" da yadda ake amfani da ita

Assalamu alaikum. Ina roƙon malamai da masana harshen Ingilishi su warware mini wata matsala da ta tsayar da aikin fassarar da nake yi, wato ma'anar kalmar "notoriously".

Ƙamus ya nuna cewa ta fito ne daga "notorious", wadda ake faɗa wa wanda ya yi ƙaurin suna wajen mugun abu, kuma tushenta a Latin yana nufin abin da aka sani ne kawai. Idan ana maganar ɗan fashi ko azzalumin shugaba, wannan bai ba ni wahala ba. Inda na tsaya shi ne jimloli irin su "English spelling is notoriously difficult", da kuma inda aka kira wani marubuci "notoriously shy", alhali kunya ba laifi ba ce, kuma ƙa'idar rubutu ba ta da halin da za a zarge ta da shi. Idan na ce marubucin ya yi ƙaurin suna wajen kunya, ina tsoron mai karatu zai ɗauka ana aibata shi, abin da ban ga alamarsa a rubutun ba.

Shin a irin wannan wuri kalmar tana nufin "kowa ya san cewa" ne kawai, ko kuwa har yanzu tana ɗauke da ƙorafi a ɓoye? Kuma da an sa "famously" a madadinta, me zai canza a kunnen Bature? Zan so a ba ni misalai. Na gode.