Sakin talala: a haɗa su rukuni ko kowa shi kaɗai?

Ɗan Ƙofar Marusa: Salamu alaikum jama'a. Ƙanena ne ake shirin yi ma sakin talala bayan ya kwashe shekaru a gidan gyaran hali, jami'in da zai riƙa sa masa ido ya ce ko dai ya riƙa zuwa zaman da ake haɗa su su da yawa, ko kuma su riƙa ganawa su biyu. Hajiyarmu ta ce ba ta son a haɗa shi da kowa, ni kuma na rasa ta cewa. Don Allah wanne ya fi?

Malamar Islamiyya: Wa alaikumus salam. Hajiya ta fi ka gaskiya wallahi. Yaro ya fito yana neman sutura sai a zaunar da shi kan benci ɗaya da waɗanda suka sha ƙwaya tare a ciki, ana tashi su yi musayar lamba, gobe ka gan su a majalisa ɗaya, zama da maɗaukin kanwa fa. Kuma wa zai buɗe baki gaban mutum goma ya ce matarsa ta ƙi dawowa?

Tsohon Gandiroba, Daura: Malama ba haka kawai abin yake ba. Tun da Buhari ya sa hannu a dokar gidajen gyaran hali ta 2019 aka ware ɓangaren hukuncin da ba na tsarewa ba, sakin talala da aikin gayya ma al'umma duk a nan suke, amma jami'an ba su kai yawan aikin ba. Ganawar mutum biyun nan sau da yawa minti biyar ce, sa hannu, ina kake kwana, tashi tafi. A rukuni kuwa in ya yi ƙarya ɗan uwansa ne zai fara yi masa dariya, sun san kan juna fiye da mu. Kuma ka sani ba a yafe masa ba ne, sauran wa'adin aka dakatar bisa sharaɗi.

Ɗan Ƙofar Marusa: Baba na gode. To in ya fara shi kaɗai zai iya komawa rukunin daga baya?

Tsohon Gandiroba, Daura: Wannan jami'in za ka tambaya, ya danganta da sharaɗin da kotu ta gindaya. Amma ka tafi da mai unguwarku ranar farko, kuma ka nema masa gareji ko shagon ɗinki tun kafin ya fito, ɗinki dai ana koya masu a ciki.