Abin da Matafiyan Kaduna Suka Ce Kan Kyautar Gidajen Caca

A hirar da wasu 'yan kasuwar Kaduna suka yi bayan dawowarsu daga Las Vegas, birnin Amurka da ya shahara da gidajen caca, an fi nanata cewa ɗaki ko abincin da gidajen caca suke bayarwa kyauta ba alheri ba ne, domin ana lissafa shi ne bisa kuɗin da baƙo yake zubawa da daɗewarsa a tebur. A wasan rulet na Amurka, cacar da ake juya faifai mai gurabe 38, gidan caca yana cin kusan kashi 5.26 cikin ɗari na kuɗin da aka zuba, wato da kuɗin baƙon ake yi masa kyautar. Yawancin 'yan kasuwar, saboda addini, ba su kusanci teburin ba. Game da cin abinci a waje, sun ce a tambaya ko naman halal ne, kuma a ware kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari na kuɗin abincin don tukuicin ma'aikata.