Na gama Frieren, me zan kama kuma?

Maman Ilham: Salamu alaikum 'yan zaure. Jiya da daddare na ƙarasa Frieren, katun ɗin nan na Japan da ake kira anime, kashi 28 cif, yau na tashi kamar wadda ta raka baƙo tasha ta dawo gida ita kaɗai. Ƙanena ne ya tura min a waya tun kafin azumi, na yi ta jan ƙafa don a ganina katun ai na yara ne. Wata rana ina aikin dare, ɗakin marasa lafiya ya yi tsit, na ce bari in leƙa kashi ɗaya. To shi ke nan fa.

Abin da ya kama ni, daga inda wasu ke rufe labari nan shi ya buɗe. An riga an kashe sarkin shaiɗanu, jarumai huɗu sun dawo gida bayan tafiyar shekara 10. Ita Frieren irin jinsin nan ce masu dogon kunne, ta haura shekara 1000 a duniya, don haka shekara 10 a wurinta kamar zaman jiran mota ne. Ta yi musu sallama ta yi gaba, ba ta waiwayo ba sai bayan shekara 50. Ta tarar Himmel, jagoran tafiyar tasu, ya zama ɗan tsoho mai sanƙo da gemu. Ba a jima ba ya rasu. Sai a wurin binne shi hawaye ya zo mata, don ta san ɗan Adam bai da tsawon kwana amma ba ta taɓa zama ta san ko wane ne shi ba. Wallahi kakata na tuna, wadda kullum nake cewa sai na samu hutu zan je in kwana biyu wurinta.

Abu biyu nake nema. Ɗaya mai sanyi irin wannan na aikin dare, ɗaya kuma wanda zan kunna a falo da yara ba tare da ina riƙe da rimot ina zare ido ba. Babbar shekararta 9.

Sadiq: Wa alaikumus salam Anti. Solo Leveling kawai, kada ki tsaya wata shawara. Zango na farko kashi 12 ne, a dare biyu kin gama. Akto ya fara a matsayin wanda ya fi kowa rauni, kowa na raina shi, daga baya duk bos ɗin da ya kashe sai ya tashe shi ya zama yaronsa. Zango na biyu ma ya fi wuta.

Ummi: Sadiq ka karanta abin da ta rubuta kuwa? Mai sanyi ta ce.

Sadiq: Ai in bos ya mutu zuciya takan yi sanyi.

Malam Nura: Na kalli Solo Leveling ɗin nan saboda ɗalibaina sun ishe ni da shi. Zanen faɗan ba laifi, kamfanin A-1 Pictures sun yi aiki. Amma daga kusan kashi na bakwai na daina jin tsoro a madadin yaron, don na san ko wa ya fito gabansa zai sha kashi. Labarin da babu fargabar faɗuwa a cikinsa kamar kallon wasan ƙwallon da aka riga aka gaya maka sakamakonsa ne. Kuma asalinsa ma ba na Japan ba ne, littafin Koriya ta Kudu ne, shi ya sa sunan jarumin Sung Jinwoo. Japanawa zanen kawai suka yi a 2024.

Hajiya, na aikin dare ki nemi Violet Evergarden. Kashi 13 ne, na 2018, yana Netflix. Yarinya ce da aka raina a fagen yaƙi, ba ta san komai ba sai bin umarni. Yaƙi ya ƙare ta rasa hannayenta biyu, aka sa mata na ƙarfe, ta kama aikin rubuta wa mutane wasiƙa da tafireta. Waɗanda suka kai shekaruna za su tuna masu zama bakin gidan waya da ɗan teburi, ka faɗi abin da ke ranka su mayar da shi takarda. To aikinta ke nan. Matsalar, ita ba ta san abin da ake nufi da kewa ko kunya ko so ba, abin da ka faɗa da baki shi take bugawa. Wasiƙar soyayya ta farko da ta rubuta wa wata mata sai da ta kashe maganar gaba ɗaya.

Ummi: Kashi na 10. Ba zan ce komai ba. Anti kada dai ki kalle shi a wurin aiki, marasa lafiya za su zaci wani aka rasa.

Baban Walid: Ni gargaɗi na kawo, ba shawara ba. Kada wanda ya ruɗe ki da Demon Slayer a falo. Na je wurin masu tura fim na ce a ba ni katun na yara, yaron shagon ya cika min memori da shi, ya ce kowa shi yake karɓa. Muka zauna bayan isha'i, ni da uwargida da yara uku. An fara lafiya lau, yaro mai sayar da gawayi, ga ladabi, ga tausayin uwa, har ina ce wa Walid ka ga yadda ake yi. Ya sauka gari ya sayar da gawayinsa, ya kwana a hanya, da safe ya dawo ya tarar an yi wa gidansu kisan gilla, jini har kan ƙanƙara. Kafin in lalubo rimot ƙaramar ta fasa ihu. Sati guda a ɗakinmu take kwana, ni kuma sati guda ina shan harara.

Daga baya ni kaɗai na ƙarasa zangon farko, kashi 26, kuma gaskiya ya yi kyau. Kashi na 19 sai da na maimaita. Amma sare kai ne sana'ar mutanen, ba na yara ba ne.

Ɗan Funtuwa: Hhh Allah Ya huci zuciyar uwargida. Matsalar mu ke nan, duk abin da aka zana sunansa katun. Su can Japan akwai na yara, akwai na samari, akwai wanda ko kai babba sai ka kau da kai.

Maman Ilham, in kina iya jure jini a farko, ki kama Vinland Saga. Zango biyu ne, kowanne kashi 24. Na farko, na 2019, yaƙi ne zalla: mayaƙan Viking sun far wa Ingila wajen shekara 1000 da ta wuce, ga yaro Thorfinn yana bin wanda ya kashe ubansa kamar jela, yana yi masa aiki don kawai a ba shi damar fito-na-fito da shi. Amma ni na biyun nake so ki kai, na 2023. An sayar da shi bawa a wata gona a Denmak. Maigidan ya nuna musu daji, shi da wani bawa Einar, ya ce ku sare, ku noma alkama, in kuɗinta ya kai ku fanshi kanku.

Ni manomi ne, na san abin da nake kallo. Sare itace ba shi ne wahala ba, cire kututture ne, kuma sun nuna haka. Babu wanda zai ara wa bawa doki, sai wani tsoho mai faɗan tsiya ya ba su nasa da sharaɗin su yi masa aikin gida. Ranar da kututturen farko ya tumɓuke, na ji daɗi fiye da duk faɗan zangon farko. Sai kuma ranar da barorin gidan suka bi dare suka tattake alkamar tana tsaka da tashi. Duk wanda aka taɓa yi wa ɓarna a gona ya san abin da ya taso wa Einar a wuya. Na ajiye wayar na fita tsakar gida na sha iska.

Sadiq: Nan fa na tsaya. Na zo kallon yaƙi aka kai ni gayya. Kashi shida ana huɗa.

Ɗan Funtuwa: Ƙanena kai ko tuwo ma sai an sa maka bos a ciki.

Maman Ilham: Vinland ɗin na rubuta, amma sai na samu hutu. Jinin da nake gani a wurin aiki ya ishe ni.

Ummi: To Anti ga naki na gaske: The Apothecary Diaries. Ban san yadda aka yi babu wanda ya ambace shi ba, alhali ke ma'aikaciyar jinya ce. Maomao 'yar mai haɗa magani ce, aka sace ta aka sayar da ita baiwa a cikin gidan sarki, wata daula mai kama da tsohuwar ƙasar Sin. Ta yi lamo tana wanki, tana ɓoye cewa ta iya karatu, don in an ƙara mata albashi waɗanda suka sace ta ne za su ci. Sai jariran matan sarki biyu suka kama ciwo, ana ta cewa tsinuwa ce ta bi gidan. Ita kallo ɗaya ta yi wa iyayen ta gane farar hodar da suke shafawa ce ke da guba. Ta rubuta gargaɗi a ƙyalle ta ɗaura a reshe ta ajiye wa kowacce. Ɗaya ta ji, ɗaya ta yi watsi da shi. Wannan duk kashi na farko ne.

Ga kishi irin na gidan mata da yawa, ga bincike, ga dariya, don yarinyar in ta ga guba murna take kamar an ba ta tsire. Har hannunta duk tabo ne saboda gwajin magani a jikinta. Zangon farko kashi 24, na biyu ya fito a 2025.

Maman Ilham: Dalma ce a hodar ko?

Ummi: Ita ce.

Maman Ilham: Ikon Allah. Wanda ya san abin da gubar dalma ta yi wa yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a 2010 ba zai ɗauki wannan tatsuniya ba. Kuma har gobe muna fama da masu ɗura wa jarirai kwalli ba su san me aka haɗa shi da shi ba. Wannan shi zan fara.

Ummi: Sai dai da abin kunne fa. A unguwar mata masu zaman kansu ta tashi, kuma ba ta da kunyar baki. Ba na falo ba ne sam.

Abdallah Gadarif: Gaisuwa daga Sudan. Ku kuna cewa anime, mu da muka tashi a nan ba mu ma san daga Japan suke ba, mun ɗauka Larabawa ne. Captain Tsubasa a wurinmu Kyaftin Majid ne, yana magana da Larabcin littafi, ya ɗauko ƙwallo daga tsakiyar fili sai gobe zai kai raga. Anti, in yaranki na zuwa Islamiyya, ki nemo musu fassarar Larabci irin ta tashar Spacetoon. Sukan yanke abin da bai dace ba, kuma kunnen yara zai saba da fusaha. Ni rabin Larabcin makarantata daga bakin Conan mai bincike na tsince shi. Sai dai shi Conan kusan kullum da gawa ake buɗewa, ki fara da na ƙwallon.

Malam Nura: Wannan shawara ce mai kyau. In sun ƙara girma kaɗan akwai Dr. Stone. Duk mutanen duniya sun zama dutse, bayan kusan shekara 3,700 wani yaro mai son kimiyya ya farka ya fara komai daga tushe: sabulu, gilashi, wutar lantarki, har maganin kashe ƙwayoyin cuta. Akwai inda ya yi taliya da wata ciyawa dangin gero. Na taɓa nuna wa 'yan ajina wurin haɗa janareta, ranar babu wanda ya yi gyangyaɗi. Shigar wasu matan ciki ce kawai ba ta yi min ba, shi ya sa ban ce a sa wa 'yar shekara 9 ba.

Baban Walid: Bayan abin da ya same ni, yanzu sai na kalli abu ni kaɗai kafin ya shiga falo. Wanda ya ci jarrabawa shi ne Spy x Family. Ɗan leƙen asiri ne aka ce lallai ya kafa iyali don ya sa ɗa a wata makarantar manya. Ya ɗauko marainiya mai suna Anya bai san tana jin abin da ke zuciyar mutane ba, ya auri mata bai san kisa ake biyan ta ta yi ba. Yarinyar ce kaɗai ta san sirrin kowa, ita kuma ba abin da ya dame ta sai gyaɗa da talabijin. Wurare kaɗan nake tsallakewa, inda matar ke bakin aikinta da inda take shan giya. Yanzu ƙaramar tawa in an ba ta gyaɗa sai ta ce sunanta Anya.

Maman Ilham: Wane kashi ne na tsallakewar?

Baban Walid: Na biyu dai ki riƙe rimot, nan aka fara nuna ta. Sauran zan duba in turo miki, a bayan littafin awo na rubuta su.

Sadiq: Duk kun bar babban yaya. One Piece.

Ɗan Funtuwa: Tun 1999 ake abu ɗaya, an haura kashi 1100, har yau ba a ga dukiyar ba. Na lissafa, ko ba ci ba barci sai ka yi sama da kwana 18. Wa zai saya mata datar?

Sadiq: Tana da ƙane ai.

Maman Ilham: Ƙanen nawa ma bashin data nake bin sa. Na gode ƙwarai, Allah Ya bar zumunci. Maomao daren yau, Anya ranar Asabar in an kawo wuta. Malam Nura, Violet ɗin nan da muryar Japananci zan kalla ko wadda aka juya zuwa Turanci? Idona ba ya son bin rubutun ƙasa da daddare.

Malam Nura: Ta Japananci ta fi shiga rai, amma ta Turancin ma ba ta da laifi. Ki gwada kashi ɗaya da kowacce.

Ummi: Anti in kin kai inda ta koma ɗanɗana abincin matar sarki ki yi min magana, akwai abin da nake son mu yi gulmarsa, a nan kuma Sadiq zai ce na fasa ƙwai.

Sadiq: Ku fasa, ba kallo zan yi ba. Akwai faɗa a ciki?

Ummi: Akwai mari ɗaya mai kyau a kashi na huɗu.