Leshi shunayya ya fito shuɗi a hotunan biki, an riƙe mini ragowar kuɗina

Ɗan Aboabo: Assalamu alaikum 'yan uwa masu sana'a. Don Allah ku ba ni shawara, kaina ya ɗaure. Ni a Aboabo nake, nan Kumasi. Asali gyaran waya na koya a shagon wani yayana a Adum, sai kawuna da ke zaune a Jamus ya zo hutu ya bar mini kamararsa, Canon, ya ce in nemi na kaina. Mahaifiyata tun farko ba ta so ba, cewa take yi aikin yawon gidajen biki ne, ba sana'ar ɗan mutunci ba. Filasha da gilashin kamara ma bashi na ci na saya, har yau ban gama biya ba. Ina faɗin wannan ne don ku san kuɗin da ake magana a kai ba na wasa ba ne a wajena.

To, na ɗauki bikin 'yar wata Hajiya mai sayar da leshi da shadda a Kejetia, ƙawar mahaifiyata ce ta ƙut da ƙut. Yayin bikin, wato anko, leshi ne shunayya, ita ta kawo shi da kanta. An yi na rana a ƙarƙashin rumfa a kan layi, an yi na dare a zauren taro mai fitilu kala-kala. Amarya ta ja ni gefe ta ce in haska ta, na kuwa haska ta. Na tura hotuna, amarya ta yi murna, ƙawayenta har suna neman lambata. Sai ga Hajiya ta kira tana faɗa, wai leshinta ya koma shuɗi. Ashe ta tura hotunan wa masu saye, wata mata a Tamale ta biya tana zaton shuɗi ne, da aka kai mata ta buɗe ta ga shunayya, ta mayar da kaya. Uwar ango kuma ta ga kundin hotunan ta ce wannan ba yarinyar da suka auro ba ce. Kundin ma ya fito da duhu, ba kamar yadda na gani a laftof ba. Yanzu Hajiya ta riƙe kusan rabin kuɗina, ta kuma kai ƙarata gida. Ni dai a laftof ɗina kusan shunayya nake gani. Yaya zan yi?

Baba Mai Hoto Alabar: Wa alaikumus salam. Ɗana, ka ba mu tarihin kawunka har Jamus, amma abin da ake bukata ba ka faɗa ba. A RAW ka ɗauka, wato ɗanyen fayil mai karɓar gyara sosai, ko JPEG da kamara ta riga ta sarrafa ta matse? Da me ka haska amaryar? Kuma wannan "kusan" da ka ce, ita ce matsalar gaba ɗaya.

Ɗan Aboabo: Baba, na rana RAW ne, na dare JPEG saboda katin ajiyar hotuna ya kusa cika. Haskawar kuma da firiset ɗina ne, wato saitin gyara da na ajiye a Lightroom, manhajar gyaran hoto, shi nake sa wa kowane biki, ba a taɓa yi mini ƙorafi ba.

Baba Mai Hoto Alabar: Madalla, ka kama kanka da kanka. Zauna ka ji. Ƙorafin Hajiya da na uwar ango abu ɗaya ne, kai ne kake ganin biyu. Shunayya ja ne da shuɗi a haɗe. Waɗannan firiset na haska fata, abin da suke yi shi ne su sanyaya hoton, su rage ja da ruwan goro, su ɗaga haske. Da ka ɗora shi a kan hoton baki ɗaya, jan da ka zare daga fuskar amarya shi ka zare daga leshin uwarta. Me ya rage? Shuɗi. Dama kuma kamara ba ta cika shiri da shunayya ba, tun kafin ka taɓa komai takan karkatar da ita wajen shuɗi.

Sannan ga haske. Idonka yana gyara fari da kansa, ka shiga ɗaki ka fita tsakar gida, farar riga fara ce a wajenka. Kamara sai an gaya mata. Hasken rana tsaka wajen 5500 ne a Kelvin, ma'aunin launin haske, ƙwan lantarki irin na da wajen 2700 zuwa 3200, ja-ja ne, inuwa kuma takan haura 7000, shuɗi-shuɗi ce. Kai ka tsaya a inuwar rumfa ka bar saitin fari a otomatik, kowane hoto da nasa hukuncin. Da kana da katin ruwan toka da ake saita fari da shi, ka ba ɗaya daga cikin ƙawayen amarya ta riƙe a gaban ƙirjinta, ka ɗauka sau ɗaya a ƙarƙashin rumfar, da an wuce wajen. Wanda ya fi shi shi ne ColorChecker, kati mai murabba'ai 24, tun 1976 ake aiki da shi. Murabba'in farko a sama ta hagu launin baƙar fata ne, na biyu na farar fata. Ni ban taɓa ɗaukar kayan sayarwa ba tare da shi ba. Yaran yanzu kuwa kuɗin takalmi suna da shi, na kati babu.

Sarkin Biki Mamobi: Baba, da girmanku, amma wannan karatun makaranta ne. Mu da muke cin abinci da biki a Accra mun san abin da ake saya. Babu amaryar da ta taɓa biyana don in nuna ta yadda take ranar Talata a kasuwa. Ita kanta mai kwalliya me ta zo yi? Wayoyin da ke hannun kowa ma ba gaskiyar launi suke bayarwa ba, suna ƙara armashi, sama ta fi shuɗi, ganye ya fi kore, mutane kuma sun saba. Ɗan'uwa, ba ka yi laifi ba. Hoton biki aka ɗauke ka yi. In Hajiya tana son hoton talla ta biya na talla. Ni fa an sha yi mini irin wannan, wani Alhaji sai da ya karɓi hotuna ya baza su a Facebook sannan ya ce hularsa ba ta fito ba, har yau ina bin sa. Shi ya sa yanzu ko ɗan'uwana ne sai kuɗi sun shigo momo, asusun kuɗi na waya, kafin in saki hoto.

Maman Hanifa: Ku yi haƙuri, ni ba mai hoto ba ce, mijina ne a ciki nake leƙowa. Amma maganar Sarkin Biki ta sosa mini inda yake mini ƙaiƙayi. Ba kowace amarya ke son a mayar da ita fara ba. Ni baƙa ce, ina son kayana. Mai hoton bikina bai tambaye ni ba ya mayar da fuskata ruwan toka, hannuna da lalle kuma baƙi, sai ka ce kan wata aka ɗora mini. Hoton yana cikin akwati, ban rataye ba. 'Yata ta gani ta tambaye ni wace ce. Uwar angon nan gaskiya ta faɗa.

Ɗan Aboabo: Anti, na ji, amma ni amaryar ce da bakinta ta ce in haska ta, ba ni na ƙirƙira ba. Baba kuma, firiset ɗin nan shi ya sa ake nemana, duk wanda ya ga hotona ya san nawa ne. In na cire shi me ya bambanta ni da mai ɗauka da waya? Kuma a gidan biki a Aboabo, ana ture-ture, makaɗa suna yi, ina zan samu mai riƙe mini kati?

Baba Mai Hoto Alabar: Daƙiƙa nawa riƙe kati yake ci? Ka samu lokacin karɓar lambar ƙawayen amarya. Kuma ban ce ka bar amarya ba gyara ba. Ka zaɓi fuskar da hannu da wuya ka gyara su kaɗai, Lightroom yana da abin ware fata, ka bar tufafi a inda Allah ya ajiye su. Maman Hanifa, Allah ya yi miki albarka. Abin da ya same ki tsohon ciwo ne. A zamanin fim, katin da Kodak ke raba wa masu wanke hoto don saita injinsu hoton Baturiya ne, da fatarta ake auna komai. Masu sayar da cakulan da kayan katako ne suka yi ta ƙorafi cewa ruwan ƙasa ba ya fitowa daidai, sai a tsakiyar shekarun 1990 aka fitar da kati mai mata masu launi daban-daban. Ko Google sai a 2021, da wayar Pixel 6, ya zo yana shelar ya gyara yadda kamararsa ke ɗaukar baƙar fata. Wasu suna can suna wahalar gyarawa, mu nan muna ɓatawa da hannunmu. Baƙar fata haske mai kyau take so a lokacin ɗauka, mai laushi, daga gefe. In ka ba ta shi tana sheƙi da kanta.

Injiniya Nima: Baba ya yi bayani, amma ni ina zargin wani wurin. Ɗan'uwa, duba sunan fayilolin JPEG na dare. In sun fara da ƙaramin layi a ƙasa, _MG maimakon IMG, to kamarar tana kan tsarin launi na Adobe RGB, wataƙila tun hannun kawunka. Adobe RGB na 1998 ya fi faɗi, musamman wajen kore, amma in manhaja ta karanta shi a matsayin sRGB, ɗaya tsarin launin, sai launuka su kwanta su yi fari-fari. sRGB, wanda HP da Microsoft suka fitar a 1996, shi ne abin da intanet ke zato idan ba a gaya masa komai ba. Don haka in za ka fitar don waya, fitar da sRGB. Sannan wayar Hajiya wace iri ce? Samsung tana da Vivid da Natural a saitin sikirin, iPhone tana da True Tone da Night Shift, kowanne yana juya launi. Ta yiwu hotonka lafiya lau, wayar matar Tamale ce. Ka kuma tura a matsayin fayil a WhatsApp, kada ya matse shi.

Ɗan Aboabo: Yauwa Injiniya, abin da nake ta faɗa wa mahaifiyata ke nan, wayoyi sun bambanta. Allah ya saka.

Baba Mai Hoto Alabar: Ka ga wanda ya ba ka mafita ka rungume shi. To kundin fa? Shi ma Samsung ne? Hajiya ta ga shuɗi a takarda ko ba ta gani ba? Matsewar WhatsApp tana cin kaifin hoto, ba ta mayar da shunayya shuɗi.

Mai Firinta Asafo: Tunda an zo kan kundi bari in sa baki, don mu ake zagi kullum. Mai hoto ya zo da laftof ya ƙure hasken sikirin, hoto yana walƙiya, mu buga ya fito da duhu ya ce injinmu ne. Sikirin fitila ce, takarda kuwa hasken ɗaki take jira. Masu gyara don bugawa suna sauke sikirin zuwa wajen 120 a ma'aunin haske, wasu ƙasa da haka, laftof kuma yakan ninka wannan in an ƙure shi. Mu a wajenmu ƙa'idar duba bugu hasken 5000 Kelvin ne, ba ƙwan shago ba. Kuma shunayya da shuɗi mai ƙarfi suna cikin launukan da suka fi ba tawadar bugu ta CMYK wahala. Gyaran hoto a sikirin da ba a saita ba kamar tela ne mai awo da igiyar roba. Akwai na'urar saitawa, Spyder ko Calibrite, ku haɗa kuɗi ku huɗu ku saya mana. Kuma ku riƙa buga gwaji ƙarami kafin kundi. Ba wanda ke yi, sai an buga shafi arba'in a zo ana neman ragi, ga kuɗin takarda kullum hawa yake, ga wuta.

Baba Mai Hoto Alabar: Ga abin da za ka yi, kuma ba shawara nake ba ka ba. Ka je Kejetia ka gaishe da Hajiya, ka roƙi ƙyallen leshin. Ka ajiye shi kusa da taga da hantsi. Ka buɗe RAW na rana, ka cire firiset, ka saita fari da wata farar riga ko hular wani a cikin hoton, sannan ka ja layin saita shunayya na Lightroom wajen ja kaɗan-kaɗan, ka buga gwaji, ka ɗora ƙyallen a kai. Na dare ka manta da su, JPEG a ƙarƙashin fitila kore da ja ba ya gyaruwa yadda kake so. Ka sake ɗaukar mata leshin shi kaɗai, kyauta, shi ne na talla. Ka sake buga shafukan amarya da launinta.

Sarkin Biki Mamobi: Kyauta? Baba za ku kashe yaron nan. Ya sake bugu da kuɗin wa? In ya mayar da amarya launinta kuma ita za ta tashi, ita ce ke kawo masa ƙawaye. Ɗan'uwa kada ka taka Kejetia sai da wani babba a gaba.

Ɗan Aboabo: Na gode duka. Na duba, fayilolin IMG ne, ba Adobe RGB ba ke nan. Maganar sikirin kuma laftof ɗina mai kyau ne, masu zane ma irinsa suke amfani da shi, ban ga abin da za a saita ba. Sake bugu gaskiya ba ni da halinsa yanzu. Abin da nake tunani, kundi na biyu na gidan ango yana hannuna, in riƙe shi har a biya ni, ko hakan zai ƙara ɓata tsakanin Hajiya da mahaifiyata?

Baba Mai Hoto Alabar: Turo mini RAW ɗaya na rana in nuna maka a gaban kowa.

Ɗan Aboabo: Baba hoton matan mutane ne, ba zan iya turawa ba.

Baba Mai Hoto Alabar: Amaryar da ƙawayenta duk sun gan su? Turo wanda aka ɗauka ta baya.

Maman Hanifa: Kada ka riƙe kundin mutane, wallahi mahaifiyarka za a zaga, ba kai ba.

Sarkin Biki Mamobi: Riƙe abinka.