Kalmar "lebul" a Dungeons & Dragons: a bar aron ko a raba ta?

Mai Jan Zare:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ana shirya takardar jagora da Hausa don masu son fara doguwar tafiya a Dungeons & Dragons, wasan tebur da kowane ɗan wasa ke riƙe jarumi ɗaya cikin labarin da jagoran wasa ke gudanarwa, bugu na biyar na 2014, kuma jaruman ba daga ƙasa za su fara ba, daga lebul 11 za su tashi. Aiki ya tsaya a kan wannan kalma ta lebul. A shafi ɗaya sai ta fito da ma'ana uku: lebul ɗin jarumi, lebul ɗin sihirin da yake jefawa, da lebul ɗin kogon ƙarƙashin ƙasa da aka shiga. In aka rubuta cewa mai sihiri na lebul 11 iyakarsa sihiri na lebul 6, sabon ɗan wasa zai tambaya ina sauran biyar ɗin suka maƙale. A bar aron yadda yake, ko a nemo kalma ɗaya ta Hausa, ko a raba?

Ɗan Birni:
Wa alaikumus salam. Malam, a raba. Ruɗanin nan ya girmi bugu na biyar nesa ba kusa ba. Gary Gygax da Dave Arneson sun fitar da wasan a Amurka a 1974, kuma a littafin 'yan wasa na 1978 Gygax da kansa ya bayyana cewa kalmar tana ɗauke da ma'anoni har huɗu, idan aka haɗa da ƙarfin dodanni, kuma an taɓa tunanin ba wa kowace ma'ana sunanta, sai aka bari saboda baki ya riga ya saba. Kamfanin Paizo ma, da ya sabunta nasa wasan mai kama da wannan, Pathfinder, a 2023, ya sauya sunan lebul ɗin sihiri don a daina haɗa shi da na jarumi. Mu da bakinmu bai saba da komai ba tukuna, babu dalilin gadon matsalar.

Malama Mai Alli:
Na yarda a raba. Ga jarumi ina ba da shawarar "aji". Kowa ya san aji ɗaya, aji biyu, kuma ya san ba a tsallakewa sai an ci jarrabawa.

Ɗan Birni:
Malama, aji yana da daɗin faɗi, amma zai ci karo. Wanda ya karanta littafin da Turanci zai ɗauka ana nufin nau'in jarumi ne, wato mayaƙi ko mai sihiri ko mai sanɗa, domin kalmar da aka ba wa wannan a can ita ce muke fassarawa da aji a makaranta. Gara a kira nau'in jarumi "sana'a", a ajiye aji gaba ɗaya.

Ni "mataki" nake goyon baya. Shi ne abin da 'yan jarida ke faɗa idan ana maganar ma'aikatan gwamnati: ma'aikaci mai mataki na 8, mai mataki na 12. Yana karɓar lamba ba tare da nauyin baki ba, kuma yana nuna hawa ɗaya bayan ɗaya, daga 1 zuwa 20.

Baban Lido:
Mataki ya zauna, kuma ga wani dalilin da ya sa aji ba zai yi ba. Tazarar da ke tsakanin matakan ba ɗaya ba ce. Makin gogewa 300 ke kai jarumi mataki na 2, 6,500 mataki na 5, 85,000 mataki na 11, 355,000 mataki na 20. Duk wanda za a fara da shi a mataki na 11 sai a rubuta masa 85,000 a takardarsa tun ranar farko, in ba haka ba lissafin hawa na gaba zai ɓaci, domin na 12 yana kan 100,000.

Amma a lura, mataki ɗin ma kashi biyu ne da zarar an yarda jarumi ya haɗa sana'a biyu, kuma masu farawa daga sama suna son yin hakan. Ɗauki wanda ya yi shida a mayaƙi, biyar a mai sihiri. Jimillarsa 11, don haka ƙarin ƙwarewarsa, wato lambar da ake ƙara wa ɗan lido a abin da ya ƙware, +4 ne, kamar kowa a teburin. Sihirin da zai iya koya kuwa na mai sihiri ɗan mataki na 5 ne kawai. Saboda haka takardar ta rubuta "matakin jarumi" ga jimilla, "matakin sana'a" ga kowane ɓangare. Inda ake yawan kuskure ke nan: mutum ya ga 11 a saman takarda ya je ya zaɓo sihirin da bai kai gare shi ba.

Hajiya Mai Taswira:
To ga sihiri fa? Ina ganin "daraja". Sihiri mai daraja ta 1 har zuwa ta 9, ƙananan da ake jefawa ba iyaka kuma a ce marasa daraja, ko daraja sifili.

Ku gwada ta a jimla ku ji. Mai sihiri yana buɗe daraja ta 3 a mataki na 5, ta 6 a mataki na 11, ta 9 a mataki na 17. Babu inda kunne zai ruɗe. Sannan akwai guraben jefawa, waɗanda kowace jifa ke cinye ɗaya: a mataki na 11 yana da gurbi huɗu na daraja ta 1, uku-uku na ta 2 da ta 3 da ta 4, biyu na ta 5, ɗaya tak na ta 6. Dunƙulen wuta sihiri ne mai daraja ta 3, ɓarnarsa 'ya'yan lido takwas masu fuska shida. In aka jefa shi a gurbin daraja ta 5 sai su zama goma. Wannan bayanin da kalma ɗaya ta lebul ba ya fita sai an maimaita sau uku.

Malama Mai Alli:
Hajiya, daraja ta yi. Abin da nake tsoro shi ne kada a sake amfani da ita ga kayan sihiri, takobi mai daraja kaza, sai mu koma gidan jiya.

Hajiya Mai Taswira:
Gaskiyarki Malama. Kayan sihiri da wuyar samu ake auna su, don haka a bi wannan: gama-gari, wanda ba a cika gani ba, mai wuyar samu, mai matuƙar wuyar samu, sai na almara. Tunda an zo nan, takardar ta faɗi abin da littafin jagoran wasa na 2014 ya ba wa masu farawa tsakanin mataki na 11 da 16: zinariya 5,000, a jefa ɗan lido mai fuska goma a ninka abin da ya fito da 250 a ƙara, da kayan farawa na yau da kullum, da kayan sihiri biyu daga waɗanda ba a cika gani ba. In duniyar mai yalwar sihiri ce, uku daga waɗannan da ɗaya mai wuyar samu. Jagora ya duba zaɓin kowa kafin zaman farko, kuma ya tuna musu cewa kayan da ke buƙatar a ɗaura su ga jiki uku kaɗai mutum zai iya ɗaurawa a lokaci guda. Rashin dubawa ne ke sa mutum ɗaya ya zo da abin tashi sama alhali rabin dodannin da aka shirya ba su da makamin jifa.

Baban Lido:
Saura "jarumi mai babban lebul". A rubuce, "jarumi mai babban mataki" ya isa. A baki kuwa za a ce "gogagge", kuma ina son kalmar domin tana tona ainihin matsalar farawa daga sama: jarumin gogagge ne, mai riƙe da shi wataƙila sabo ne fil. Mai sihiri na mataki na 11 yana zuwa da sihiri 26 a littafinsa, shida na farko da biyu-biyu a kowane hawa, kuma in basirarsa ta kai 20 zai shirya 16 daga ciki kowace safiya. Wanda ya hau daga ƙasa ya koye su biyu-biyu cikin watanni. Wanda aka miƙa wa su dare ɗaya, duk zagayen da ya zo kansa sai tebur ya tsaya yana buɗe shafuka.

Maganinsa a gina jarumin mataki bayan mataki, ko da a zama ɗaya ne. A rubuta makin rai na kowane hawa: mayaƙi mai ƙarin ƙarfin jiki +3 yana farawa da 13, ya ƙara 9 sau goma, ya tsaya a 103. A zaɓi ƙarin iyawa, wato ƙarin maki ga abubuwa kamar ƙarfin jiki ko basira, a inda ya faɗo, mataki na 4 da na 8, mayaƙi kuma har da na 6. Kowane sihiri a rubuta shi a ƙaramin kati da nisansa da ɓarnarsa. Faɗan farko ya zama mai sauƙi da gangan, don mayaƙi ya saba da sara uku a zagaye ɗaya kafin a kawo abin da zai iya kashe shi.

Ɗan Birni:
Ga dodanni kada a ce mataki ko kaɗan. Lambarsu a bugu na biyar awon haɗari ce: dodo mai lamba 11 ana nufin zai ba jarumai huɗu na mataki na 11 aiki ba tare da ya hallaka su ba. A kira ta "ƙimar haɗari". A kuma gargaɗi jagora cewa a sama lambar tana yaudara. Dodo ɗaya tilo gaban mutum huɗu yana motsi sau ɗaya, su sau huɗu, sai ya faɗi kafin ya nuna abin da ya iya. Shi ya sa manyan dodanni ke da damar ƙin faɗuwa ga sihiri sau uku a rana, kuma shi ya sa ake haɗa su da mabiya. Lissafin littafin ma ya ɗauka za a yi faɗa shida zuwa takwas kafin dogon hutu. Faɗa ɗaya a rana yana nufin kowa zai zazzage manyan gurabensa a kan dodon.

Mai Jan Zare:
Na gode ƙwarai. An rubuta mataki ga jarumi, daraja ga sihiri, ƙimar haɗari ga dodo. Rukunan matakai huɗun nan, 1 zuwa 4, 5 zuwa 10, 11 zuwa 16, 17 zuwa 20, na sa musu "zango", tunda wasan gaba ɗaya tafiya muka kira shi, kowane haɗuwa kuma zama. Kogo ne ya rage. Na fara rubuta "hawa na uku".

Hajiya Mai Taswira:
A'a Malam, hawa na bene ne, kogon nan kuwa sauka ake yi, kuma haɗari yana ƙaruwa ne yayin da ake nitsawa. A ce "zurfi na uku". In wurin hasumiya ce ta mai sihiri, to nan hawa ya dace, sai taswirar ta rubuta hawa ga abin da ke bisa ƙasa, zurfi ga abin da ke ƙarƙashinta, kowanne a fara ƙirga shi daga bakin ƙofa.