Neman shawara: an gayyace ni mashayar tsohon otel, ni kuwa ba na shan giya

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Wurin aikinmu zai tura mu taro Singafo, kuma abokan aiki sun tsara a daren ƙarshe za a je mashayar Long Bar da ke otel ɗin Raffles a sha koktel (haɗin giya da lemo), a ci kayan zaƙi. Ni ba na shan giya, ban kuma taɓa shiga irin wannan wuri ba. Ina son ganin ginin, ba na kuma son a ce na ware kaina. Don Allah wanda ya san kan abin ya faɗa mini: me zan sha, me zan kiyaye, ko kuwa in haƙura kawai?

Wata Anti: Wa alaikumus salam ƙanwata. Na taɓa zuwa, bari in fara da abin da ya fi muhimmanci. Abin shan da ya yi wa wurin suna shi ne Singapore Sling, wanda wani ma'aikacinsu, Ngiam Tong Boon, ya haɗa wajen 1915. Idan kika gan shi a doguwar tambulan, launinsa ja-ja, da yankan abarba a baki, za ki rantse lemo ne. Labarin da otel ɗin ke bayarwa shi ne da gangan aka yi shi haka, don matan wancan zamani su sha ba tare da an gane ba. Amma akwai barasa iri-iri a ciki, an lulluɓe da ruwan abarba da lemon tsami. Suna yin wanda babu giya, sai dai kamanninsu kusan ɗaya ne. Ki faɗa wa mai kawowa da bakinki, idan ya ajiye ki sake tambaya, kuma kada ki bari kofinki ya cakuɗe da na wasu a kan tebur.

Wurin kansa ya cancanci gani. Wasu 'yan uwa Armeniyawa, iyalan Sarkies, suka buɗe otel ɗin a 1887, a 1987 gwamnati ta sa shi cikin gine-ginen tarihin ƙasa. A mashayar akwai mafitai jere a rufi suna kaɗawa da kansu, ga buhun gyaɗa a kowane tebur, kina ci kina zubar da ɓawon a ƙasa, a ƙasar da ake cin tarar mai yar da shara a titi. Kina tafiya yana ƙaras-ƙaras ƙarƙashin takalmi, don haka ki kula da santsi.

Wani Yaya: Ni kicin ɗin otel na yi aiki, ki saurare ni kan kayan zaƙi, don can ake yawan faɗawa. Tiramisu sau da yawa da giya ake jiƙa shi. Kek ɗin da ake kira baba au rhum kam a cikinta yake iyo. Kek ɗin Black Forest na asali ma akwai giya a cikinsa. Idan aka ce miki an kunna wa abu wuta don haka giyar ta ƙone, kada ki yarda, ba ta ƙonewa duka. Sannan masu santsi irin su panna cotta ana daskarar da su da jelatin, wanda galibi daga alade ake samu. Ki nemi sorbet, wato ƙanƙarar ruwan 'ya'yan itace, shi ma ki tambaya. Wani abu kuma: akwai ɗigon da ake kira bitters, wasu na ɗiga shi ko a lemon da aka ce babu giya, alhali na kamfanin Angostura barasarsa ta haura kashi 44 cikin ɗari. Ki ce a cire.

Wani Malam: Baiwar Allah, ban ga laifin masu ba ki dabaru ba, amma gaskiya ɗaya ce. Akwai hadisin da ya hana mumini zama a teburin da ake zagayawa da giya, ko da bai sha ba. Otel ɗin na ba da shayin la'asar a babban zaurensa, da kek da komai. Ki ja waɗanda kuka fi shaƙuwa ku je can da rana, kin ga gini, kin sada zumunci.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai. Malam, maganarka ta kwanta mini, zan kawo musu batun shayin. Anti, akwai wata shiga ta musamman? Kuɗi fa?

Wata Anti: Doguwar riga da mayafi sun wadatar, ban da silifas. Shayin ki kama wuri tun kafin ku tashi, yana cika. Farashin da ke takarda kuma ba shi za ki biya ba: idan kin ga alamar ++ a gefe, za a ɗora kashi 10 na hidima da kashi 9 na haraji. Ku daidaita wa zai biya me kafin a zauna.